Awara da kumburin jiki bayan ɗaukewar al'ada: in ci ko in bari?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar shekara 54, shekara uku ke nan rabona da ganin al'ada. Tun daga lokacin jikina ya canja. Gwiwoyina suna ciwo, musamman in zan taso daga sujada, yatsun hannuna kan ƙage da asuba, ga tumbi da na ajiye wanda da ba ni da shi. Na je asibiti aka ɗebi jinina, likita ya ce wani abu mai suna CRP ya ɗan hau, ya kai 4, wai alamar kumburi ce a cikin jiki. 'Yata ta ce in lazimci awara da madarar waken suya, wai suna maganin kumburin. Maƙwabciyata kuma ta ce kul, waken suya yana da sinadarin mata a ciki, yana kawo sankarar mama. Don Allah maganar wa zan ɗauka?

Wata uwa daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Ki ci awararki hankali kwance. Maganar 'yarki ta fi ta maƙwabciyarki kusa da gaskiya, sai dai ita ma ta ɗan zarce da ta kira shi magani. Waken suya abinci ne mai kyau ga mace mai shekarunki, yana iya taimakawa wajen sauke wannan lamba da kika gani a takardar gwaji, amma taimakon kaɗan ne, kuma ya dogara sosai da yadda aka sarrafa shi da kuma abin da kika ɗauke daga kwanonki kika sa shi a gurbinsa.

Bari mu fara da kalmar kumburi ɗin, domin ita ce ke rikita mutane a ɗakin ganin marasa lafiya kusan kullum. In Bahaushiya ta ji kumburi, abin da ke zuwa mata shi ne ƙafar da ta tashi, ko maruru da ya yi ja ya ɗau zafi, ko cikin da ya cika da iska bayan an ci wake. Wanda likitanki yake nufi daban ne. Wani ƙaramin tashin hankali ne da garkuwar jiki ke shiga ta kasa fita, kamar garwashin da aka binne a toka, ba harshen wuta ba hayaƙi amma murhun bai huce ba. Ƙwayoyin garkuwa da na kitse suna sakin wasu sinadarai na aika saƙo, babba a cikinsu shi ne wanda ake kira IL-6, saƙon ya isa hanta, hanta kuma ta amsa da fitar da CRP cikin jini. Saboda haka CRP ɗan aike ne kawai. Masana ciwon zuciya sun raba shi gida uku: ƙasa da miligiram 1 a litar jini haɗari kaɗan, daga 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 ya hau. In ya wuce 10, akasari wata cuta ce sabuwa ke aiki a lokacin. Naki 4 yana cikin rukunin da ya kamata a kula, amma bai kai na ɗaga hankali ba.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe tun yanzu. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro, ruɓaɓɓen haƙori, ciwon mafitsara, har mura mai ƙarfi, duk suna ɗaga CRP. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ƙa'ida ita ce a maimaita bayan kamar mako biyu, a lokacin da ba kya zazzaɓi, sannan a duba biyun tare.

Me ya haɗa wannan da ɗaukewar al'ada? Sinadarin mata, istirojin, wanda ƙwan mace ke fitarwa tun balaga, aikinsa ya wuce haila da haihuwa. Yana kwantar da waɗancan 'yan aiken na garkuwar jiki, yana kula da laushin jijiyoyin jini, yana hana ƙashi zaizayewa, kuma shi ne ke tura kitse zuwa ƙugu da cinyoyi. Da ya ja baya, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sai kitsen ya sauya masauki ya koma ciki, ya kewaye hanji da hanta. Wannan tumbin da kika ce da ba ki da shi, shi ne. Kuma kitsen ciki ba ya zaman banza, yana cikin manyan masu fitar da IL-6. Shi ya sa tumbi da hawan CRP da ciwon suga da hawan jini sukan zo wa mata a jere a waɗannan shekaru.

Yanzu ga waken suya. Maƙwabciyarki ta ji ƙishin-ƙishin gaskiya. A cikinsa akwai wasu sinadarai na tsiro da ake kira aisofilabon, manyan su biyu jenistin da daidzin, waɗanda ƙirarsu ta yi kama da ta istirojin. Kama ce kawai, irin ta makullin da zai shiga kwaɗon da ba nasa ba ya ɗan juya amma ba ya buɗe shi yadda na ainihi zai buɗe. A jikin mace istirojin yana da ƙofofi iri biyu da yake shiga ta cikinsu, alfa da beta. Ta alfa ce ta fi sa ƙwayoyin mama da na mahaifa hayayyafa. Aisofilabon ya fi karkata ga ta beta, kuma ƙarfinsa bai kusa na istirojin ba. Ga wata shaida da nake so: in mace ta sha ƙwayar istirojin ta baki, CRP ɗinta hawa yake yi, saboda yadda ƙwayar ke bi ta hanta. Waken suya ba ya yin haka. Da abu ɗaya ne, da sun yi aiki ɗaya.

To me aka gani da aka gwada a jikin mata? A shekarar 2011 mujallar Menopause ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 14 da aka yi a kan matan da al'adarsu ta ɗauke, inda aka ba wasu aisofilabon aka bar wasu. Da aka haɗa lissafin duka, CRP ya sauka da miligiram 0.17 kacal, saukar da ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Amma da aka ware matan da tun farko nasu ya haura 2.2, sai aka ga ya sauka da kimanin 0.7. Wato wadda jininta ke lafiya ba ta ga wani canji ba, wadda nata ya hau ita ce ta ɗan amfana. Ke kina cikin rukuni na biyu, kuma wannan ne dalilin da ya sa na ce maganar 'yarki ta fi kusa da gaskiya. Sai dai ki lura da girman abin: daga 4 zuwa uku da ɗoriya. Ci gaba ne, amma bai kai warkewa ba.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda Leila Azadbakht da abokan aikinta suka yi a Iran, aka buga a mujallar Diabetes Care a 2007. Mata 42 ne, duka al'adarsu ta ɗauke, duka suna da irin wannan haɗin na tumbi da hawan jini da rikicewar suga ko kitsen jini. Kowace ta bi tsarin abinci uku, mako takwas-takwas. A na farko abinci ne mai yawan ganye da 'ya'yan itace da ƙarancin gishiri, da jan nama a ciki. A na biyu aka cire wani kaso na jan naman aka sa furotin ɗin waken suya da aka sarrafa a masana'anta. A na uku aka sa gasasshen waken suya ɗungurungum, giram 30 a rana, abin da bai fi cikin tafin hannu ba. Gasasshen waken ne ya fi sauke alamomin kumburin, ya zarce wanda aka tace a masana'anta. Abu biyu na ɗauka daga nan. Waken da bai rabu da ɓawonsa da mansa da harzarsa ba ya fi wanda aka tsame abu ɗaya daga cikinsa. Sannan musanya aka yi: an cire nama an sa wake, ba a ɗora wake a kan nama ba.

A birnin Shanghai na ƙasar Sin ma an auna jinin mata kimanin dubu, aka ga waɗanda suka fi cin abincin waken suya IL-6 ɗinsu ya fi ƙasa. Irin wannan bincike na kallo ne, ba ya iya tabbatar da cewa waken ne ya yi aikin, domin mai yawan cin wake takan zama mai yawan cin ganye ce kuma. Amma ya tafi hanya ɗaya da sauran.

Wani abin da ke sa sakamako ya bambanta tsakanin mace da mace yana cikin hanji. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanjin wasu mutane suna juya daidzin ya koma wani sinadari mai suna ikwal, wanda ya fi shi ƙarfi. A Turai da Amurka kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu ne ke da su, a Japan da Koriya da Sin kusan rabin jama'a. Saboda haka ke da ƙawarki za ku iya cin awara daga tukunya ɗaya, jikin ɗaya ya fi na ɗaya cin moriyarta.

Nan ne zan tsaya in daɗe, domin duk waɗannan gwaje-gwaje ba da awarar bakin titi aka yi su ba. Kin san yadda ake yinta. A jiƙa wake ya kwana, a kai inji a markaɗa, a tace da ƙyalle, a ɗora farar madarar a wuta ta tafasa, a zuba ruwan tsami, sai ki ga ta tsinke ta dunƙule tana iyo a kan ruwa mai ɗorawa-ɗorawa, a kwashe a ƙulle a buhu a danne da dutse. Har zuwa nan babu abin zargi. Wannan farar awarar furotin ce mai kyau, ba kolestarol, kitsenta mai sauƙi ne. Matsalar daga kasko take farawa. Ki tsaya wata rana da la'asar ki leƙa kaskon mai suya: man ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta, ya yi kauri, yana kumfa a gefe, yana hayaƙi tun kafin a jefa komai, domin na jiya ne aka ƙara masa sabo, na jiyan ma haka aka yi masa. Man da aka yi ta maimaita suya da shi yana lalacewa ya haifar da sinadarai masu cutar da jijiyoyin jini, irin waɗanda ke hura wutar da kike son kashewa. Awara kuma kamar soso take, tana shan mai. Cokalin cin abinci ɗaya na mai yana ɗauke da kalori kusan 120, don haka soyayyar awara tana iya ninka farar a nauyin kalori. A ƙara tsoma ta a ƙwai a sake soyawa, a barbaɗa yaji mai cike da gishiri da dunƙule, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Mace ta yi wata uku tana wannan kullum da sunan magani, ta dawo tumbin ya ƙaru, lambar ba ta sauka ba, ta ce waken suya ƙarya ne. Na ga irin haka ba sau ɗaya ba, kuma abin yana damuna, saboda da kyakkyawar niyya suka yi.

Ba ina cewa ki daina sayen awara ba. Mata da yawa da ita suke ciyar da 'ya'yansu, kuma akwai masu tsabta da ke canja mai. Ki je wurin mai yi da safe ki sayi fara kafin ta shiga kasko. A gida ki yanka ta ki jefa a miyar alayyafo ko ta zogale ko ta taushe minti goma kafin saukewa, za ta sha romo ta yi daɗi kamar nama. Ko ki dagargaza ta da albasa da tumatir da attaruhu da mai cokali ɗaya, ta fito kamar soyayyen ƙwai. Ko ki gasa a kaskon da aka shafa wa mai kaɗan. In ranar kwaɗayin soyayya ce, ki soya da sabon mai, ki tsane, ki ci da kabeji da kokwamba. Yanka uku ko huɗu madaidaita a rana, ko kofi ɗaya na madarar da ba a cika wa sukari ba, ko cikin tafi na gasasshen wake, kowanne ci ɗaya ne, kuma yana ba da aisofilabon wajen miligiram 25. Ci ɗaya zuwa biyu a rana ya isa. Da haka kin kai abin da tsofaffin Japan ke samu a abincinsu na yau da kullum, wato miligiram 30 zuwa 50. Man waken suya na galan ba ya cikin lissafi, kusan babu aisofilabon a cikinsa.

Kuma ki tuna darasin matan Iran. Ranar da kika ci awara, ita ce naman ranar. Ta maye gurbin kitsen rago da ganda da kayan ciki da soyayyen nama, madarar kuma ta maye gurbin lemon kwalba da shayi mai cokali uku na sukari. Akwai wani lissafi da nake gaya wa kowace mai tumbi: nazarin da ya tattara gwaje-gwajen rage ƙiba ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, CRP kan sauka da kimanin 0.13. Ki sauke kilo biyar, kin samu kwatankwacin abin da aisofilabon ya bayar a mafi kyawun sakamakonsa. In kika haɗa biyun, ga tafiyar minti talatin bayan sallar asuba ko da a tsakar gida ne, ga rage tuwo da farar shinkafa da dare, to a nan ne za ki ga lambar ta motsa da gaske.

Sai batun sankara, wanda na san shi ya fi tsaya miki a rai. Tsoron yana da asali. A shekarun 1940 an ga tumaki a Ostireliya sun daina haihuwa saboda kiwo a wata ciyawa mai irin waɗannan sinadarai. Daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1990, aka dasa ƙwayoyin sankarar mama a jikin ɓerayen da ba su da cikakkiyar garkuwa, aka ba su jenistin, ƙarin ya girma. Labarin ya bazu duniya. Amma jikin ɓera ba ya sarrafa aisofilabon yadda na mutum ke yi, yakan taru a jininsa fiye da yadda yake taruwa a namu. Da aka koma kan mata, sai aka ga akasin haka. A 2009 mujallar JAMA ta buga binciken da ya bi mata 5,042 a Shanghai waɗanda duk sun riga sun kamu da sankarar mama. Waɗanda suka fi cin waken suya, dawowar cutar da mutuwa sun yi ƙasa a cikinsu da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda suka fi ƙarancin ci. Ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ma matsayinta shi ne abincin waken suya ba shi da haɗari, har ga wadda ta taɓa yin cutar. Ki gaya wa maƙwabciyarki cikin lumana, ita ma ta ci. Wani abin da aka tabbatar yana ƙara haɗarin sankarar mama bayan ɗaukewar al'ada shi ne ƙiba, domin a wannan shekarun kitse ne ke ƙera ɗan istirojin ɗin da ya rage a jiki.

Ƙwayoyi da garin aisofilabon da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook da sunan gyaran mata kuwa, ban ba ki shawarar su ba. Kuɗi ne mai yawa a kan abin da mudun wake zai ba ki, kuma ba ki da tabbacin abin da aka ɗura a ciki.

In kina shan maganin maƙoƙo ko na raunin tayirod (wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya), wato levothyroxine, waken suya yana rage yadda hanji ke tsotse shi. Ki sha ƙwayar da sassafe da ruwa zalla, ki bar awara da madara sai bayan awa huɗu, kuma ki sanar da likitanki kin fara ci kullum don ya duba ko adadin maganin na buƙatar gyara. Ki tabbata gishirin girkinki mai aidin ne. Mai ciwon ƙoda da aka ƙayyade wa furotin ta tambayi likitanta tukuna. Wadda kuma wake ke sa wa ƙaiƙayi ko borin jini ko toshewar numfashi ta bar shi gaba ɗaya.

Madarar gida a tafasa ta sosai, kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin bayan ta fara tafasa, ana juyawa don kada ta kama. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke hana narkewar furotin, wuta ce ke kashe shi, kuma kumfar farko da take tasowa ba tafasa ba ce. Ki zubar da ruwan jiƙon, ki tsince duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta yi baƙi. In cikinki ya yi iska a makon farko, wancan kumburin na ciki ne da muka saba da shi, daga wasu nau'o'in sukari da ke cikin kowane wake, ba shi da alaƙa da na jini. Ki fara da kaɗan, awara ta fi madara sauƙi a nan domin yawancin sukarin ya bi ruwan da aka matse. Wataƙila ma ki samu ƙarin riba: zafin nan da ke taso wa mata farat ɗaya daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, an ga aisofilabon yana rage yawansa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, bayan an jure wasu watanni. Amma kada ki dogara da awarar ruwan tsami don ƙashi, kalsiyam ɗinta bai kai na wadda aka daskarar da gishirin kalsiyam ba. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu su ne za su cike miki wannan.

Na bar gwiwoyinki da yatsunki a ƙarshe da gangan, don kada awara ta sa a manta da su. Ciwon gwiwa lokacin tasowa daga sujada, a shekara 54 da ƙarin nauyi, ya fi kama da zaizayewar guringuntsi, kuma rage kilo da ƙarfafa naman cinya su ne suka fi yi masa aiki. Yatsun ne nake so ki sa wa ido. Gobe da asuba ki duba agogo: in ƙagewar ta saki cikin 'yan mintuna da kin fara motsi, da sauƙi. In tana kai awa ɗaya, ga gaɓoɓin sun tashi sun yi zafi a hannu biyu lokaci guda, to wannan na iya zama amosanin da garkuwar jiki ke kai wa gaɓoɓi hari, wanda ke buƙatar gwajin jini na musamman da magani da wuri kafin yatsu su karkace. Babu abincin da zai tsaya a madadin wannan maganin. Ina roƙonki kuma ki guji haɗin ƙwayoyin kemis da ake ƙullawa a leda don ciwon jiki. Sau da yawa akwai diclofenac ko dexamethasone a ciki, suna kwantar da ciwon yau, su bar ki da gyambon ciki da hawan jini da suga da raunin ƙoda. Kuma tunda shekara uku ke nan rabonki da al'ada, duk jinin da kika gani yanzu, ko ɗigo ne, asibiti za ki kai shi a makon, kada ki ɗora wa waken suya.

Idan za ki koma wurin likita, ki nemi a maimaita CRP ɗin, a haɗa da gwajin suga da kitsen jini da awon hawan jini. Ki sa tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai cibiya ki rubuta a takarda da kwanan wata. Ga mace ana so ya kasance ƙasa da santimita 80, in ya haura 88 haɗarin ya yi yawa. Bayan wata uku na farar awara a miya da tafiyar asuba, ki sake aunawa, ki sake gwajin, ki rubuto mini abin da kika gani. Ki gaida 'yar taki.